Kifi talatin na gidan biki

Ranar Asabar na miƙa wa maigida makullin shago, bayan shekara uku ina goge gilashi da ɗaure kifi a leda. Ba da faɗa muka rabu ba. Amma akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, gara in amayar da ita ko mai shirin ajiye kifin ado a falonsa zai ƙaru.

A shekarata ta farko, tsakiyar Afrilu, wani Alhaji na Kwara Kano ya sayi akwariyum, wato akwatin gilashi na kiwon kifi, mai cin lita 200. Bikin 'yarsa saura kwana uku, yana so baƙi su tarar da shi maƙil. Na ja maigida gefe na ce, "Maigida, ruwan nan ɗanye ne, a fara da kifi biyar tukuna." Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Ni na buɗe shagon nan ko kai?" Na haɗiye miyau, na ƙirga talatin na zuba. Shirun da na yi, shi ne laifina, kuma ban musa ba.

Abin haushin, ya fi ni sanin yadda abin yake. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin soson matata su ke juya ta zuwa nitirit, shi ma guba, wasu kuma su mai da shi nitirat mai sauƙin illa. Kafin ƙwayoyin nan su wadata a sabon akwati sai an yi mako 4 zuwa 6. Ga zafin Yamai ya haura digiri 40, alhali kifayen nan digiri 24 zuwa 27 suke so, kuma ruwa in ya ɗumama iskar cikinsa raguwa take yi. Ga yaran biki, kowa ya gifta sai ya barbaɗa musu abinci. Rana ta shida duk sun taso sama suna haki. Kafin mako ya zagayo, sha tara sun mutu.

A gabana maigida ya ce wa Alhaji, "A yi haƙuri ranka ya daɗe, yaron ne bai iya ba." Ya yanke mini jaka 45 a albashi, wata uku ina biya. Har na bar wurin bai taɓa tayar da zancen ba.

Bayan salla Hajiyar gidan Alhaji ta aiko a kira ni, ni kaɗai. Na ɗauki tsohon soso daga matatar da ta daɗe tana aiki, na sa a tasu, na saki 'yan ƙananan kifin da ake kira gufi guda shida kawai, duk bayan mako biyu in ƙara kaɗan. Yau jikokin gufin nan har maƙwabta ake raba wa.

Sauran abin da na koya ba shi da yawa. Ruwan pampo mai warin jabel a bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti kafin a zuba. Kowane mako a canza kashi ɗaya cikin huɗu, ba duka ba, kuma soso a wanke shi da ruwan akwatin, pampo kashe ƙwayoyin yake yi. Abinci, abin da za su cinye cikin minti biyu. Sabon kifi ya yi mako biyu a ware, saboda cutar fararen ɗigo. Mazan beta, wato kifin faɗa, biyu ba sa zama wuri guda. In wani ya kawo maka 'yar tarwaɗa daga kogin Isa, ka gode masa ka kai ta kicin, don duk abin da ya shiga bakinta ta haɗiye. Masu sayar maka da jan kifi cikin 'yar kwalba suna cewa ya isa, kuɗinka kawai suke so. Na san su, na yi musu aiki. Kuma ka nemi injin iska mai batir, don kuran ba ya sallama in zai tafi.

Yaron da zai gaje ni na nuna masa soson da ke cikin babban akwatin baya. Na ce kada ya bari ya bushe, ko maigida ya ce a jefar.