Ledar da ta ci sulallan mahaifina

Ranar da aka raba gadon mahaifinmu a gidanmu na unguwar Birni a Damagaram, babu wanda ya kula da wani tsohon gwangwanin shayi da ke ƙasan adakarsa, sai ni. Marigayin ya yi fatauci tsakanin Damagaram da Kano, kuma duk kuɗin da aka daina karɓa yakan ajiye ɗaya ko biyu. Akwai kwabbai masu huji da aninai na zamanin Ingilishi, masu tauraro da rubutun Larabci, akwai tamma ta goran ruwa ta 1948 mai kan barewa, ga kuma dalar azurfa guda biyu masu hoton Mariya Tareza, sarauniyar Ostiriya, irin waɗanda ake buga wa 1780 ko da a wace shekara aka ƙera su. Kowanne yana naɗe cikin tsumman farin ƙyalle. Sun fi shekara arba'in a haka, babu abin da ya same su.

Ni na ga gwangwani bai dace da su ba. Na je Kasuwar Dole na sayo littafin adana hotuna mai aljihunan leda masu taushi, na jera su ɗaya bayan ɗaya, na ɗora a saman kabad a ɗaki mai rufin kwano. Har yau in na tuna irin farin cikin da na yi a daren nan, raina yakan ɓaci.

Bazara biyu da damina biyu ban buɗe littafin ba. Da na buɗe, sai na tarar shafukan sun manne, kwabban tagulla na 1952 sun yi wani kore mai danƙo kamar an shafa musu miyar kuɓewa, ga wari irin na sabon takalmin roba. Daga baya na fahimci abin da ya faru. Irin wannan leda, wadda ake kira PVC, ana zuba mata wani mai domin ta yi laushi. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40 a garin nan, yana fitar da man ya kwanta a kan ƙarfe, ita ma ledar tana sakin sinadari mai cin ƙarfe, sannan laimar Agusta ta zo ta ƙarasa aikin. Warin nan da na ji tun a kasuwa shi ne alamar, amma ban san shi ba.

Cikin ruɗewa na ɗauki lemun tsami da toka na dirje guda bakwai, kamar yadda ake yi wa tasa. Koren ya fita, amma ya tafi da launin tsufan da ya rufe su, ya bar ƙananan ramuka da ƙarce a fuskarsu. Da na kai wa wani dattijo maƙerin azurfa, abokin mahaifina, ya juya ɗaya a tafin hannunsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wa ya ce ka wanke?" Na ce, "Baba, tsoro na ji kada ya cinye su." Ya ce da na kawo masa tun farko. Gaskiya ne lemun ya yi ɓarna, amma da ban sa su a ledar ba, da babu abin da zai kai hannuna ga lemun.

Sauran mun cece su da asetan (acetone) tsantsa, wani ruwan sinadari mai saurin kama wuta, wanda ke narkar da danƙon ba tare da ya taɓa ƙarfen ba. Ana tsoma su ne a kwalba a wuri mai iska, nesa da wuta, a fitar su bushe da kansu, babu gogawa. Asetan na goge jan farce da mata ke amfani da shi bai yi ba, domin akan haɗa shi da mai da turare.

Yanzu kowane sule yana cikin gidansa na roba mai tauri wadda ba ta da wari, kuma ba na riƙe shi sai ta gefe, saboda gumin yatsa yana barin tabo a azurfa. Na raba goran ruwa da tagulla, don in sun haɗu cikin laima ɗaya yana cin ɗaya. Wani ɗan'uwana ya kawo mini jakar fata mai kyau ta dukawan garin nan, na yi godiya amma ban zuba ba, domin fatar da aka jeme tana sa tagulla ta yi kore ita ma. Duka suna cikin akwatin ƙarfe a ɗakin soro, wanda ya fi sanyi, a ɗage daga ƙasa saboda gara da ruwan da ke shigowa, tare da ƙananan ƙunshin shan laima da ake samu a kwalin sababbin takalma. Ina sauya ƙunshin kafin ruwan farko, in sake dubawa idan hunturu ya shigo.

Bakwai ɗin da na dirje suna nan a gefe guda cikin akwatin. Gwangwanin mahaifina da tsummokaransa su ma na ajiye su, littafin hotunan kuwa na fitar da shi daga gidan tun a ranar.