Zaɓen ƙaramar firintar leza ta ofis: a fara da lissafin tona

Ƙaramin ofis da yawancin aikinsa wasiƙu ne da rasit da takardun yarjejeniya ba ya bukatar launi, kuma a ganina firintar leza mai buga baƙi zalla ta fi dacewa da shi nesa ba kusa ba. Tona busasshen gari ne wanda zafi ke narkarwa ya manne a jikin takarda, saboda haka ko na'urar ta yi wata guda ba a kunna ta ba, ba ta toshewa kamar mai tawadar ruwa.

Inda masu saye ke tafka kuskure shi ne kallon farashin na'urar kaɗai, alhali tona ne zai riƙa cin kuɗi har ranar da za a daina amfani da ita. A Brother HL-L2350DW, alal misali, ƙaramin kwanson tona yana buga kimanin shafi 1,200, babba kuma 3,000, sannan dram ɗinta (gangar da ke ɗora tona a kan takarda), wanda ake saya daban, yana kaiwa 12,000. A firintocin HP da yawa kuwa, tona da dram a haɗe suke cikin kwanso ɗaya. Kafin a biya, sai a raba kuɗin kwanson da adadin shafukansa, a ƙara kason dram, a ga nawa shafi ɗaya yake tashi. Alƙaluman shafukan tona an samo su ne bisa ma'aunin ISO/IEC 19752, wanda shafin gwajinsa rubutu ne kaɗan, kusan kashi 5 cikin 100 na farfajiyar takarda, don haka mai buga tebura da tambari ba zai kai adadin ba. Kwanson da ke zuwa cikin kwali ma galibi ba cikakke ba ne.

Maganar Wi-Fi kuma, ƙananan firintoci da yawa zangon 2.4GHz kaɗai suke kamawa, kuma ya kamata a tabbatar akwai AirPrint (na iPhone) da Mopria (na Android) domin a iya bugawa kai tsaye daga wayar hannu. Ni dai na fi son wadda ke da ramin wayar Ethernet (kebul ɗin haɗa na'urorin ofis), domin idan mutum biyar suna tura aiki, kebul ya fi Wi-Fi riƙon amana. Samfurin Brother da na ambata ba shi da wannan ramin.

Sauran sharuɗɗana biyu ne: ta riƙa buga gaba da baya da kanta, kuma tirenta ya ɗauki takarda 250. A wajen auna mazauninta, a bar sarari ta baya, domin ta nan ake zaro takarda idan ta maƙale.