Maƙala ɗaya, mujalla biyu

Jiya wani ɗalibina ya juyo min da fuskar kwamfutarsa yana murmushi. Shafukan mujallu uku a buɗe, maƙala ɗaya tal. Ya ce, "Malam, duk wadda ta riga amsawa ita ce tamu." Sai da gabana ya faɗi, domin abin da na taɓa gaya wa kaina ke nan.

Ni biyu na tura wa. Ta farko ta riƙe min aiki wata takwas ba uffan, ga lokacin ƙarin girma ya matso, ga sa'o'ina suna ta wuce ni. Wa zai ga laifina? Akwai wani ɗan akwati da ake dannawa kafin a tura, inda mutum ke shaida cewa aikin ba ya gaban wata mujalla. Na karanta shi sarai, na danna. Har yau nakan ce matsi ne ya sa, amma matsi bai kama yatsana ya ɗora a kan linzami ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne ƙanƙantar fagen. Masanan wannan ɓangare ba su da yawa, sai editocin biyu suka aika wa mutum ɗaya ya duba. Bawan Allah ya buɗe, ya ci karo da aikin da yake tsakiyar gyarawa, har da kuskuren da na yi a jadawali na biyu. Wasiƙar da ta zo layi huɗu ce, an saka shugaban sashenmu a kwafi. Duka biyun suka mayar min da kayana, ba tsuntsu ba tarko. Wanda muka rubuta tare bai san na yi ba, amma sunansa na jikin takardar. Shekara biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Har gobe ina cewa mujallar farko ba ta kyauta ba. To amma mai dubawar fa? Galibinsu kyauta suke wannan aiki, ni kuma na sa shi ya yi sau biyu.

Kuma sa'a na ci da ba a buga ba. COPE, ƙungiyar kula da ɗa'ar wallafa bincike da aka kafa a 1997, tana tsara wa editoci matakan da za su bi a irin wannan, daga 2008 kuma Crossref, ƙungiyar da ke rajistar maƙalun bincike, ta ba masu buga mujallu damar gwada rubutu da iThenticate, manhajar da ke gano rubutun da ya yi kama da wani. In an buga sau biyu, janyewa ake yi, kuma maƙalar ba ta ɓacewa: tana nan a intanet da tambarin janyewa a goshinta, sunanka a ƙasa.

Na yi niyyar zaunar da yaron in ba shi shawarwari da yawa, sai na ga idonsa na kan waya. Yaran yanzu kwana uku ba amsa, sun fara cewa an manta da su. Sai na taƙaita. Tura wa ɗaya, ka yi haƙuri. Amma kar ka yi haƙurin wata takwas irin nawa, wauta ce. In wata uku ya wuce, rubuta wa edita ka tambaya. In shiru ya yi yawa, janye aikinka a rubuce, ka sanar da abokan rubutunka, kar ka motsa sai an tabbatar maka. In sun ƙi amsa wannan ma, sake rubutawa ka sa rana, ka adana kwafin kowace wasiƙa.

Ya rufe shafi biyu yana ɓata rai, ya ɗan yi jim. Sannan ya ɗago ya ce, "Malam, to in na canza taken maƙalar fa?"