Cikin kwale-kwalen masu kawa a Tanbi

Daga filin jirgin sama na Yundum zuwa ƙauyen Lamin ba wata tafiya ba ce, amma sai da muka jira ruwa ya janye kafin mu shiga kwale-kwale. A Gambiya teku ce ke yanka wa masu kamun kawa lokacin aiki. Kawa wata halittar ruwa ce mai ɓawo mai tauri da ake cin namanta. Idan ta cika, saiwoyin itatuwan mangurof, masu tsirowa a ruwan gishiri na bakin teku, suna nutse. Idan ta janye, sai su fito tsirara, kawa manne a jikinsu cunkus.

Wurin shi ne dausayin Tanbi, fili mai kimanin hekta 6,000 a bakin kogin Gambiya, tsakanin Banjul da Serekunda. Muka kutsa cikin ƙananan mashigai da mutanen wurin ke kira bolon, inda reshe ke shafar kan mutum. Mata ne ke wannan sana'a, galibinsu 'yan ƙabilar Jola. Na ga wata dattijuwa ta naɗe hannuwanta da tsofaffin safa, tana tsaye cikin taɓo har gwiwa, tana ɓamɓaro kawa da ɗan gatari. Ɓawon kawa yana yanka kamar reza. Na gaishe ta da "Sannu da aiki, Inna," tafinta ya juya mata, ta amsa ba tare da ta ɗaga kai ba, don ruwa ba ya jiran kowa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda take kiyaye saiwar. A da, wasu kan sare ta gaba ɗaya su kai gida, kawa ta rasa wurin kamawa a shekara mai zuwa. Ƙungiyar mata masu kawa ta TRY, wadda Fatou Janha Mboob ta kafa a 2007 da mata kusan 40, ta yi aiki sosai wajen hana hakan. A 2012 gwamnati ta ba ƙungiyar ikon kula da kamun kawa a Tanbi, kuma matan da kansu suka amince a rufe ruwan wata takwas, a buɗe daga Maris zuwa Yuni kawai. Macen da ke ciyar da gida da wannan ɗan ciniki ta yarda ta haƙura har wata takwas, wannan ba ƙaramar sadaukarwa ba ce.

Can gaba muka iske gonar kawa. An kafa sanduna cikin ruwa, an rataya igiyoyi da aka jera wa tsofaffin ɓawo. 'Ya'yan kawa suna yawo a ruwa kamar mako biyu zuwa uku bayan haihuwa, suna neman abu mai tauri su manne, to sai su kama waɗannan ɓawo su girma a nan. Itace ya huta, mai kiwo kuma ta san inda dukiyarta take.

Sai dai igiya ba ta maganin gishiri. Kawar nan tana son gaurayen ruwan kogi da na teku. Kogin daga tsaunukan Futa Jalon a Gini yake gangarowa, kuma idan damina ta gaza, ruwan teku ya kan turo ciki ya rinjaya. Farin nan na shekarun 1970 da ya kashe mana dabbobi a ƙasar Hausa, shi ne ya busar da mangurof masu yawa a wannan yanki, saboda gishiri ya yi musu yawa.

Ga kuma ƙazanta. Kawa tace ruwa take yi ta ci, duk abin da ke ciki yana shiga jikinta. A gefen da ke kusa da gari na ga robobi maƙale a saiwoyi, da magudanun da ke zubo ruwan unguwanni kai tsaye cikin dausayi. Wannan ya dame ni ƙwarai. Matan sun yi abin da ke hannunsu, amma ba su ne za su gina wa birni masai da magudana ba. Shi ya sa ake dafa kawar sosai a manyan tukwane kafin a ɓare, kuma har sai an tabbatar da tsabtar ruwan ta hanyar gwaji akai-akai ne za a iya maganar sayar da ita ɗanya ga manyan otal, inda kuɗin yake.

Da yamma, a kan titin Banjul kafin gadar Denton, na sayi kofi ɗaya a hannun wata mai talla. Ɓawon ma ba a zubarwa, ƙona shi ake yi a samu farar ƙasa ta shafen ɗaki, sauran kuma a huda a mayar kan igiya.