Ranar da bututun ya tashi da ni a Apapa

Jiya na miƙa kayan nutso, bayan shekara 6 ina kwashe taɓo a gindin ginshiƙan tashoshin jirage tsakanin Apapa da Tin Can. A Yawuri na koyi ruwa, amma na Legas daban yake. Da ka ɗan yi ƙasa ko tafin hannunka ba ka gani, da lalube ake komai.

Baƙo kan yi mamakin bututun da muke zuƙe taɓon da shi, don babu abin da ke juyawa a cikinsa. Kwamfaresa na kan jirgi tana turo iska ta tiyo zuwa kusa da bakinsa na ƙasa. Iskar ta gauraya da ruwan ciki, nauyinsa ya ragu, ruwan waje ya tura shi sama, bakin kuma ya riƙa zuƙar taɓo da yashi. Iskar da aka saka a zurfin mita 10 sai ta ninka girmanta kafin ta kai sama, shi ya sa zurfi ke ƙara masa ƙarfi. A ruwa marar zurfi kumfa kawai yake yi.

Ƙa'ida ita ce a ɗaure shi da dutsen siminti a ƙasa. Ran nan an manta dutsen a ɗaya jirgin. Dattijon da ke riƙe mini igiya, wanda duk muke kira Baba, ya ce, “Ranka ya daɗe, a jira dutsen.” Oga ya dubi agogo ya ce ruwa ya kusa juyawa, ba zai biya hayar kwamfaresa ta kwana biyu saboda dutse ba. Baba ya kalle ni. Na san gaskiyarsa, amma matata na da tsohon ciki, ina bukatar kuɗin ranar. Na yi shiru na sauka.

Na ƙara wauta a kan wauta: don kada bututun ya ɓace mini a duhu, na naɗa igiyarsa a wuyan hannuna, na bar bawul, wato makunnin buɗe iska da rufe ta, can nesa da yatsuna. Ina cikin aiki sai na ji gurnaninsa ya sauya. Wani tsohon buhu cike da ledoji ya toshe bakin. Idan baki ya toshe, ruwan ciki ficewa yake, iska zalla ta rage, bututun ya koma kamar jarkar da aka danna a ƙarƙashin ruwa aka saki. Kafin in laluba bawul ya fizge ni sama.

Abu ɗaya na tuna a hanya, maganar Baba: “Yaro, kome za a yi kada ka riƙe numfashi.” Yadda iska ke kumbura a bututu haka take kumbura a huhu. Na buɗe baki na yi ta fitar da ita, Allah Ya sa da sauran kwana. Kafaɗata ta goce, kaina ya bugi ƙasan jirgi, kunnena na hagu har yau ba ya ji sosai.

Ciwon ya warke. Abin da bai warke ba shi ne takardar da oga ya rubuta, cewa sakacina ne kaɗai, ko sunan dutsen bai ambata ba. Aka cire kuɗin gyaran bututu a albashina. Bai taka asibiti ba ko sau ɗaya. 'Yan uwanmu na Agege da Idi-Araba ne suka yi karo-karo, Baba kuma ya kwana uku a kan benci kusa da gadona. Na ɗauki laifin igiyar da na naɗa, nawa ne. Na dutsen ba zan ɗauka ba.

Sauran abubuwan gajeru ne. Ruwan nan yana juyawa kusan kowace awa 6, don haka bakin bututun na sama, mai zubar da taɓo, ya bi inda ruwa ya nufa, in ba haka ba taɓon da ka kwashe kanka zai dawo. A gitta ƙarfe a baki don tare buhu. Hannu ɗaya kullum a kan bawul. Duk ƙwarzane a wanke shi da sabulu da an fito, kowa ya san abin da ake zubawa a ruwan nan.

Shekara 4 na ƙara bayan wannan rana, kuma ban sake sauka ba sai na shafa ƙullin dutsen da hannuna. Sau biyu na cire kaya na zauna a kan jirgi, oga na ta faɗa, har aka kawo shi. Yaron da zai gaje ni na bar masa wuƙata, na kuma sa ya ɗaura ƙullin sau uku a gabana, ido a rufe.