Guntun ƙarfen da na ciro, da haƙorin da na kashe

Ranar Talata na leƙa ɗakin aiki na tarar da yaron likitan da ke samun horo a hannuna ya duƙufa a bakin wani bawan Allah, gumi ya jiƙa masa wuyan riga alhali fanka na juyawa. Tun bai yi magana ba na gane, don na san irin wannan shirun. Fayil ya karye masa a cikin saiwar turmin haƙori, har ya ɗaura kan haƙa a jikin inji zai bi sawun guntun. Na ce, "Likita, ajiye wannan tukuna." Ya ce, "Oga, minti goma kawai, ga shi nan ina ganinsa a hoto."

Minti goma. Ni ma abin da na faɗa wa kaina ke nan shekara goma sha biyar da suka wuce.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, fayil wani siririn ƙarfe ne mai murɗe kamar allura, da shi muke share kwararon da jijiyar haƙori take kwance a ciki. Mai lamba 10, tsininsa kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. Da na hannu muka koyi aiki, na ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma shi yana da kunya: kafin ya karye sai ka ga murɗinsa ya warware, ka jefar. Na nikel da taitaniyam, wanda aka fara gwada shi a aikin saiwa a 1988, yana lanƙwasa ya bi kwana kamar tsumagiya, amma sau da yawa ba ya sallama. Ko dai tsininsa ya cije inji na ci gaba da juyawa, ko kuma ya gaji da lanƙwasuwa a kwana ɗaya har ya tsinke.

Nawa gajiya ya yi. Wata Hajiya ce mai sayar da atamfa, turminta na farko na ƙasa ta hagu. Fayil ɗin daga Legas na yi odarsu da tsada, don haka ina dafawa ina maimaitawa, wannan kuwa ina jin haƙori na bakwai ke nan da ya shiga. Na kusa gamawa, na wanke kwararon sarai, sai na ji ƙas. Na zaro, na auna a jikin ma'auni, milimita uku babu. Hoto ya nuna guntun can ƙasan kwana, a saiwar gaba.

Ban gaya mata ba. Na ce, "Hajiya, jijiyar nan taki akwai taurin kai, ki dawo Alhamis." Ta yi dariya ta ce ai gado ta yi.

Zama uku na yi ina haƙa. Na buɗe bakin kwararon da Gates Glidden, wani kan haƙa da ake faɗaɗa bakin kwararo da shi, na ƙara girma, na ƙara. Na ɗauko kan na'urar girgiza da muke kankare dattin haƙori da shi, wanda ya fi ƙarfin wannan aiki nesa ba kusa ba, na riƙa zagaya guntun a makance, don ba ni da madubin nan mai ƙara girma, sai fitilar kujera da idona. Duk wanda ya yi karatun nan ya san bangon saiwar gaban turmin ƙasa, ta ɓangaren da ke kallon tsakiyar haƙori, siriri ne, wani wurin da ƙyar ya wuce milimita ɗaya. Na sani. Na ci jarrabawa a kai. Amma a lokacin ba haƙorin Hajiya nake gani ba, abin kunyata nake gani a hoto, fari fat, ina so ya ɓace kafin wani ya gani.

A zama na uku guntun ya yi tsalle ya fito. Na sa shi a 'yar kwalba, na yi ta nuna wa abokan aiki ana jinjina mini. Na cike saiwar, Hajiya ta yi godiya har da kawo mini turmin atamfa na kai gida.

Bayan wata takwas ta dawo da ɗan ƙurji a gefen dasashi. Na zura ma'auni tsakanin haƙori da dasashi, ko'ina lafiya, sai wuri ɗaya tak ya nutse zurum. Saiwa ta tsage a tsaye, kuma irin wannan tsagewar galibi ba ta da magani sai cirewa. Da na cire haƙorin na juya shi a tafin hannuna, ga tsagar nan ta bi daidai inda na sassaƙe, bangon ya koma kamar ɓawon ƙwai. Hajiya ta ce, "Likita, laifina ne, aya na tauna da shi." Na yi shiru. Wannan shirun ya fi karyewar fayil ɗin damuna har yau.

To amma a yi mini adalci. A wancan lokacin wa zan tura wa? Masu wannan ƙwarewar ba su da yawa, na kusa sai an yi tafiya, kuma ba kowane majiyyaci ne zai iya ba. Haƙorin da aka cire wa jijiya dama yakan tsage ko ba a yi masa abin da na yi ba, musamman turmin da ba a sa wa hula ba, wato murfin da ke kare shi, ita kuwa na ce ta zo a sa mata ta yi ta ɗagawa saboda kasuwa. Wa ya sani, wataƙila ayar ce. Haka nake gaya wa kaina wani lokacin. Sai dai na san haƙorin nan da ransa ya zo, babu ruɓa a ƙarshen saiwa, kuma sai da na gama wankewa ƙarfen ya karye. Ma'ana, cikin duk guntayen da ake iya bari a zauna lafiya, nawa ne na gaba. Tun 2005 wani bincike da aka yi a Ostireliya ya nuna barin guntun fayil bai cika rage warkewa ba, abin da ya fi tasiri shi ne ko akwai ciwo a ƙarshen saiwar tun farko. Ban karanta ba sai bayan an yi jana'izar haƙorin. Garin neman gira na rasa ido.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawara goma, ku matasan likitoci, amma da na tace ban samu da yawa ba.

Ƙarfe ba ya ruɓar da saiwa, ƙwayoyin cuta ke yi. Idan guntun ya wuce kwana, ba ka ganin kansa da idonka, ka bar shi. Ka gwada ratsawa ta gefensa da fayil na hannu mai lamba 8 ko 10, a hankali, da ruwan wanki isasshe. In ya ratsu, madalla. In ya ƙi, ka wanke iya inda ka isa, ka cike, ka riƙa ɗaukar hoto kana bibiya. Duk ɓarɓashin da ka sassaƙe daga jikin saiwa ya tafi ke nan, ba ya tsirowa.

Kada kuma wani ya ce na ce a riƙa barin ƙarfe a bakin mutane. Na san ku, rabin magana kuke ɗauka ku ruga. Idan guntun yana sama, a miƙaƙƙen wuri, ka cire shi mana. Idan tun farkon aiki ya karye a saiwa mai mugunya, ya toshe hanya datti na bayansa, barinsa ma ganganci ne, sai ka tura wa mai madubi da kayan aikin. Turawa ba gazawa ba ce, ko da yake ni da bakina na taɓa kiran wani abokin aikina matsoraci a kan haka.

Abin da ke ba ni haushi da ku shi ne waya. Kun ga wani a Instagram ya ciro guntu cikin daƙiƙa talatin, an ɗora shi a kan auduga ana tafi. Wa ya taɓa nuna muku haƙorin bayan shekara biyu? Ba wanda ke ɗora hoton wanda ya tsage. Kuna da bidiyo, kuna da littattafai a aljihu waɗanda mu sai mun yi layi a laburare, amma haƙurin zura fayil na hannu kafin a kunna inji ya gagare ku. Ko da yake ni ba ni da waya mai hoto a lokacin, kwalba na samu na yi ta yawo da ita.

Fayil kuma ku ƙirga masa aiki, wanda ya shiga saiwa mai kwana sosai ku jefar. Na faɗa, amma ni ma jiya na dafa wasu, don in na ce kowane haƙori sabon saiti, kuɗin aikin zai kori rabin masu zuwa su koma a cire musu kawai. Ku dai ku fi ni.

Sannan ku faɗa wa mai haƙori, a ranar, kafin ya tashi daga kujera, ku rubuta a fayil ɗinsa na asibiti.

Yaron nan dai na tsaya a kansa sai da ya faɗa. Muryarsa na rawa ya ce, "Baba, wani ɗan ƙarfe ya karye a ciki." Dattijon ya tambaya ko zai yi tsatsa, aka ce a'a. Ya tambaya ko za a ƙara masa kuɗi, aka ce a'a. Ya ce to a ci gaba. Mun gwada ratsawa har kusan la'asar, bai ratsu ba, muka sa magani muka rufe, zai dawo mako mai zuwa a cike. Ina wanke hannu na hango likitan nawa ya ɗaga hoton saitin taga yana ɗauka da waya.