Inda na kai a zanen ƙarin fituwitari

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon zanen abin da ido ke gani a maikiroskof. Na ajiye hanta da ƙoda na ɗan lokaci, na koma kan fituwitari, ɗan gilan ɗin nan (wato gaɓa mai samar da homon, sinadaran da ke tafiyar da ayyukan jiki) da ke zaune cikin wani ramin ƙashi a gindin ƙwaƙwalwa, wanda nauyinsa kusan rabin giram ne. Ciwon ƙari, wato tsiron naman da ke fitowa a jikinsa, nake zanawa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa suna PitNET a rabe-rabenta na 2022.

Ƙwayoyin ƙarin kansu ba su da wuyar zane. Kusan duk kamarsu ɗaya, jere reras, launi ɗaya, in ka zana goma ka zana dubu. Lafiyayyen gilan kuwa gauraye yake: in an rina yankan naman don dubawa a maikiroskof, ga ƙwayoyi masu shan jan rini, ga masu shan shuɗi, ga waɗanda rinin bai kama su sosai ba, duk a gungu ɗaya. Abin da ya riƙe ni shi ne maƙwabtan ƙarin, wato duk abin da ke zaune tsakanin ƙwayoyinsa alhali shi ba ƙari ba ne. Yanzu da su nake fara kowane zane.

Na fara da rinin retikulin, wanda ake yi da azurfa don fito da siraran zaren da ke riƙe nama. A lafiyayyen wuri za ka ga siraran baƙaƙen zare sun kewaye kowane ɗan gungun ƙwayoyi, raga ce cikakkiya. Da ka shiga cikin ƙarin sai ragar ta tsintsinke, nan guntu can guntu, wani wurin ma fili fetal. Da wannan ne masu duba nama ke bambance ƙari da lafiyayyen gilan, don haka kan iyakar nan ta cancanci a daɗe a kanta. Fensir mai tauri, 2H, na fiƙe shi sosai na ja zaren da shi, domin mai laushi yana sa zaren ya yi kauri har ya fi wanda ake gani a gilashin maikiroskof. Inda ragar ta yanke, ɗaga hannu kawai. Hannu yakan so ya haɗa layin, kada ku bar shi.

Jijiyoyin jini sun ba ni mamaki. A yawancin ƙari jijiyoyi ƙaruwa suke yi, amma a nan bincike ya nuna lafiyayyen fituwitari ya fi yawancin ƙarinsa cikar ƙananan jijiyoyi. A hotunan rinin CD34, mai fito da bangon jijiyoyin jini, abin a bayyane yake, gefen lafiya cike da zobba masu ruwan ƙasa, cikin ƙarin kuwa jefi-jefi.

Sai ƙwayoyin garkuwar jiki. Makirofaj, masu haɗiye ƙwayoyin cuta da tarkace, su ne suka fi yawa a cikinsu, ana gano su da rinin CD68, sannan rinin CD163 ya nuna nau'in da ake dangantawa da taimaka wa ƙari ya kutsa sassan da ke kusa da shi. Limfosait, wani nau'in ƙwayoyin garkuwar, 'yan kaɗan ne, ɗigo-ɗigo. Waɗanda na fi jin daɗin zanawa a cikin maƙwabtan su ne ƙwayoyin folikulo-istelet, masu siffar tauraro, da rinin S100 ke fitarwa. Ba sa samar da homon, amma suna miƙa dogayen rassa tsakanin sauran ƙwayoyi, kuma sun fi yawa a gefen lafiya.

Wannan ba kwalliyar zane ba ce. Ƙarin da zaren kolajin, mai ƙarfafa nama, ya yi masa yawa tauri yake yi, likitan da ya shiga ta hanci don cire shi yakan sha wuya, alhali mai laushi zuƙe shi ake yi. Abin da ya saura kuma yana iya ci gaba da danne mahaɗar jijiyoyin gani da ke samansa, mutum ya rasa ganin gefe. Shi ya sa nake ba kolajin launinsa daban a takardata.

Abin da ke gabana shi ne haɗa duka a zane ɗaya ba tare da ya cunkushe ba. Ina gwada takarda mai shara-shara, kowane rini da shafinsa, a ɗora wani kan wani. Wanda ya taɓa yin haka a cikinku, don Allah ya faɗa mini yadda yake hana shafukan zamewa.